Tafasawa, Bilic, Milton ko Injin Tururi: Wanne Ya Dace da Kayan Jaririnki a Kumasi?

Kwana uku bayan sunan 'yarta ta fari, ƙanwata ta aiko mini da hotuna huɗu daga ɗakinta a Aboabo: tukunya mai murfi, gorar bilic ta Parazone, kwalin Milton na tsoma kayan jarirai, da wani injin tururi da maigidanta ya gani a kanti a Adum. A ƙarƙashinsu ta rubuta: "Yaya, wanne zan riƙe? Mma ta ce ruwan zafi ya isa, maƙwabciyata ta ce Dettol take ɗigawa, shi kuma ya ce a sayi injin a huta." Na yi goyo huɗu a gidan haya mai famfo ɗaya, kuma babu hanyar da ban taɓa ba a cikin waɗannan. Amsar da na ba ta ce nake faɗaɗawa a nan, don na san ba ita kaɗai ce ke cikin wannan ruɗani ba.

Bari in fara da abin da ya sa maganar ta dame ni. A Zango, in yaro ɗan wata shida ko bakwai ya kama gudawa, sai ka ji an ce ai haƙori ne. Haƙori yana kawo ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da rigima, amma ba shi ke kawo zawo ba. Abin da ke faruwa shi ne, a daidai wannan lokacin ne yaro ke fara rarrafe, yake fara shan koko, kuma duk abin da hannunsa ya kai sai ya kai baki: makullin ɗaki, silifas ɗin babansa, motar robar da ta kwana a bakin kwata. Ƙwayar cutar rota, wadda ke cikin manyan masu jawo zawon yara, tana iya yin kwanaki a jikin roba da ranta. Ghana ta sa rigakafinta cikin waɗanda ake yi wa yara a awo tun 2012, kuma ya taimaka ƙwarai, sai dai ba ita kaɗai ce ke kawo gudawa ba. Wanda ya ga kwalarar 2014, lokacin da sama da mutum 28,000 suka kamu a ƙasar nan, mafi yawa a Accra, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ƙazamin ruwa da ƙazamin hannu ke iya yi.

Ma'aunin da na ɗora kowace hanya a kai

Abu biyar nake dubawa. Na farko, ƙarfinta: tana kashe ƙwayoyin cuta da gaske, ko ƙamshi kawai take bari? Na biyu, kuɗi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba, har da gawayi, gas, katin mita da jarkar ruwa. Na uku, ƙarko: me take yi wa kayan in an daɗe ana yi? Na huɗu, sauƙi, musamman ga mai jego da ke tashi sau uku cikin dare. Na biyar, haɗari ga yaron da sauran yaran tsakar gida.

Su ma kayan ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda madara ko abinci ke shiga: fida da bakinta, kofi, cokali, mazubin tatsar nono. Waɗannan su ne a sahun gaba, domin ragowar madara abinci ce ga ƙwayoyin cuta, balle a zafin nan namu. Akwai waɗanda ke shiga baki ba tare da madara ba: robar tsotso, robar cizo, kacau-kacau, ƙananan motoci da bulon roba. Sai na uku, waɗanda yaro ke zama ko kwanciya a kai ko rungumewa: baho, fo, keken koyon tafiya, ledar ƙasa, tedi da 'yar tsanar ƙyalle. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a nemi hanya ɗaya da za ta ɗauke duka ukun.

Kafin komai: sabulu, buroshi da bushewa

Wannan ba ya cikin zaɓi, shi ne gindin duk sauran. Maiƙon madara da gutsattsarin koko suna rufe ƙwayoyin cuta, kuma suna cinye ƙarfin bilic tun kafin ya yi aikinsa. Fidar da ba a wanke da kyau ba, ko an tafasa ta, ragowar madarar na nan maƙale. A kwance ta gaba ɗaya, a raba kwalba da zobe da baki, a wanke da ruwan sabulu mai ɗumi da buroshin da ba a taɓa komai da shi sai kayan yaro. A juya bakin fidar ciki ya koma waje, a matsa ruwa ya fita ta hujin. Sabulun wanke-wanke na ruwa ya fi saurin fita. Sabulun Key ko sabulun salo ma suna yi in an ɗauraye sosai. Omo dai a bar wa tufafi.

Ɗauraya ta fi kyau da ruwa mai zubowa, ba ruwan da aka tsoma hannu goma a ciki ba. Tunda ruwan madatsun Barekese da Owabi da ke shayar da Kumasi ba kullum yake isowa famfonmu ba, bokiti mai famfo, irin wanda Veronica Bekoe 'yar ƙasar nan ta ƙirƙiro, ya fi kwano amfani a wannan aikin. Daga nan sai a kife kayan a kwando mai tsabta su sha iska. Kada a goge su da tsumman kicin, don shi yake mayar da duk abin da aka cire.

Ga yawancin kayan wasan yaron da ya wuce shekara ɗaya kuma yana cikin ƙoshin lafiya, wannan wankin kaɗai, sau ɗaya ko biyu a mako, ya wadatar. Abin da ke tafe na jarirai ne, da kayan madara, da lokacin ciwo.

Tafasawa

Mma ta yi gaskiya, amma da sharaɗi. Watsa wa fida ruwan zafi daga buta ba tafasawa ba ne. Ana so kayan su nutse cikin ruwa gaba ɗaya, babu kumfar iska a maƙale cikin kwalba, a rufe tukunya, a fara ƙirga lokaci daga sa'ar da ruwan ya fara ɓararraka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce minti 5, hukumar lafiya ta Ingila ta ce aƙalla minti 10. Ni goma nake yi, don wutar gawayi tana tashi tana faɗuwa.

Ta fuskar ƙarfi ba ta da abin kushewa, kuma ba ta barin wani sinadari a jikin kaya. Ko ruwan na jarka ne da ba ki yarda da shi ba, tafasar ta gyara shi. Kuɗinta tukunya ɗaya ce da za a keɓe, sai makamashi. Mai hura kurfoti kullum da asuba don koko ko shayi kusan kyauta take yi, sai ta ɗora tukunyar a sauran garwashin. Mai gas za ta ga tukunyarta tana saurin yin sauƙi in tana tafasawa sau biyu ko uku a rana.

Inda take da rauni shi ne ƙarko. Bakin fida yana saurin laushi da tsagewa, musamman na roba mai ruwan ƙasa; farin nan mai sheƙi ya fi jure zafi. A riƙa ja shi ana dubawa, in ya fara danƙo ko ya tsage a yar. Ita ma kwalbar a kifa ta a duba lambar da ke cikin ɗan alwatika a gindinta. Lamba 5 tana jure tafasa. Lamba 1, irin ta gorar ruwa, lanƙwashewa take yi. Lamba 7 kuwa, in tsohuwar fida ce mai tauri garau kamar gilashi, tana iya ɗauke da sinadarin BPA da ake gudun illarsa ga lafiya, wanda zafi ke sa ya ƙara fita. Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai a 2011, Amurka a 2012. Shi ya sa ban yarda da fidar gwanjo ba, komai kyanta. Kayan wasa masu fenti, masu gam, masu batir da na roba mai laushi duk ba sa shiga tukunya.

Haɗarinta ɗaya ne, amma babba: ƙuna. A tsakar gidan da yara goma ke guje-guje, tukunyar tafasasshen ruwa a kan kurfoti a ƙasa ba abin wasa ba ce. A ɗora ta a lungu, a tsaya a kanta, kada a sauke ta da goyo a baya. Kuma kada a manta ta a wuta. Ruwa na ƙonewa, roba za ta narke a gindin tukunya.

Bilic, wanda muke kira Parazone

A nan zan daɗe, domin ita ce hanyar da ta fi araha, ta fi faɗin amfani, kuma ta fi saurin zama masifa in an yi ta da ka.

Sinadarin kulorin da ke cikin bilic yana kashe kusan duk abin da muke tsoro a kayan yara, har da ƙwayoyin zawo masu taurin kai da sauran magungunan ba sa iya wa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan kam kada a yarda da ido. A duba jikin gorar a ga ƙarfinsa. In kashi 3.5 cikin 100 ne, ga awon da nake bi, da cokalin sirof na yara mai cin mililita 5 da ledar fiya wata mai rabin lita:

Na kayan da ke shiga baki: cokali ɗaya a cikin ruwa leda biyu, wato lita ɗaya. In ƙarfin bilic ɗin ya kai kashi 5 ko 6, ruwan ya zama leda uku. A nutsar da kayan da aka riga aka wanke, aƙalla minti 2, a tsame, a kife su bushe sarai. Ɗan abin da ya rage yana tashi da kansa yayin bushewa. In warin ya dame ki, ki ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, ba ruwan jarka ba.

Na lokacin da gudawa ko amai ya shigo gida: cokali shida a lita ɗaya. Da shi za a jiƙa kayan roba masu tauri, a goge baho, ledar ƙasa da hannun keken koyon tafiya, a bar shi ya yi aƙalla minti 5 yana jiƙe, sannan a ɗauraye sosai. Wannan dole ne a ɗauraye shi.

Na fo da wurin da kashi ko amai ya zuba: kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa, bayan an kwashe ƙazantar an wanke da sabulu.

Lissafin kuɗin mai daɗi ne. In kina haɗa lita uku a rana na kayan baki, cokali uku ke nan, gorar lita ɗaya za ta kai ki wata biyu. Ba ya son wuta, ba ya son gawayi. Ruwan haɗin ya zama mai sanyi, kuma a haɗa sabo kullum, don wanda ya kwana ya rasa ƙarfi. Ita ma gorar, zafi da hasken rana suna rage mata ƙarfi, don haka wadda ta yi watanni a kan tebur a rana ba ta kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Yana cin ƙarfe, yana koɗar da ƙyalle, yana dusashe zanen jikin roba a hankali. Mai turare da mai kauri na wankin masai ba na kayan yara ba ne.

Sai haɗari, kuma ina roƙon a karanta wannan da kyau. Kada a taɓa haɗa bilic da wani abu in ba ruwa ba: ba ruwan wankin masai, ba ruwan khal, ba Dettol. Haɗa shi da mai tsami yana tayar da iskar da ke ƙona huhu. Ko fitsari ma yana tayar da wari mai cutarwa in ya haɗu da shi, shi ya sa ake fara ɗauraye fo. Na biyu, bilic ɗin da ake haɗawa a gida ana ɗurawa a gorar ruwan sha ba tare da takarda ba. Ba ki san ƙarfinsa ba, don haka awon da na kawo bai hau kansa ba, kuma a idon yaro ruwan sha ne. Na taɓa fizge irin wannan gorar daga hannun ɗan shekara biyu a bakin ƙofar wanka, ya riga ya cire murfin. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. A sayi mai takarda da lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, a bar shi a gorarsa, a ɗora a inda ko an taka kujera ba a kai ba. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a ɗura masa manja don ya yi amai, abin da ya ƙona maƙogwaro da shiga zai sake ƙonawa da fita. A ɗauki yaron da gorar a nufi asibiti mafi kusa.

Milton da 'yan uwansa

Shi ma kulorin ne, sai dai an auna miki shi, an kuma yi shi musamman don kayan jarirai. Akwai na ruwa, akwai na ƙwaya. Ƙwayar da aka saba da ita ana jefa guda a lita 5 na ruwan sanyi, a nutsar da kaya minti 15 kamar yadda kamfanin ya ce. Hukumar lafiya ta Ingila ta fi son rabin awa. Ruwan yana aiki har awa 24, kina tsomawa kina tsamewa, gobe a zubar a haɗa sabo. Ana buƙatar roba mai murfi da ɗan faranti da zai danne kayan kada su taso.

Wannan ita ce hanyar dare. Fida na cikin ruwan, kin wanke hannu, kin tsamo, kin kakkaɓe, shi ke nan. Ba jiran wuta, ba jiran tukunya ta huce. Ga tafiya kuma babu kamarsa: mai zuwa Tamale ko Bawku gaisuwa da jariri, ƙwaya shida a jaka sun ishe ta. Ya fi bilic tsada nesa ba kusa ba, kuma da yake daga waje yake zuwa, farashinsa yana bin dala, ba kuma kowane kantin magani ne ke da shi ba. Yana ɗan sa bakin fida ya yi fari-fari da warin kulorin, kuma ba a sa cokalin ƙarfe a ciki. Ƙwayar tana kama da magani ko alewa, a ɓoye ta kamar yadda ake ɓoye magani. Abin da kike saye da ƙarin kuɗin shi ne kwanciyar hankali a kan awo, kuma ga mai haihuwar fari wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Injin tururi

Tafasawa ce da aka sa wa riga. Ana zuba ɗan ruwa, a jera kwalabe a kife, a danna, cikin kamar minti goma ya gama ya kashe kansa. Ƙarfinsa daidai yake da na tukunya, bai fi ta ba. Fa'idarsa ita ce ba ya cin ruwa, ba ya son a tsaya a kansa, kuma bai kai tukunya cin bakin fida ba.

Kuɗin injin ɗaya zai sayi bilic na shekaru, ga katin mita, kuma aikinsa yakan ƙare in yaro ya bar fida. Ranar da aka ɗauke wuta dole ki koma tukunya, don haka ba ya maye gurbinta. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana tara farin dutse a farantinsa, sai an riƙa wanke shi da ruwan khal kamar duk wata. Mai sayen na gwanjo ya duba gindinsa: wanda aka yi don Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce, ana jonawa zai ƙone. Na Ingila yana shiga soket ɗinmu kai tsaye. A kula da tururin lokacin buɗe murfi, yana ƙuna fiye da yadda ake zato.

Akwai kuma akwatin UV, mai amfani da wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta, da ake tallarsa yanzu. Hasken yana kashe abin da ya haska ne kawai. Cikin bakin fida da ƙarƙashin zobe inuwa ce. Ya fi kowa tsada, ni ban ga dalilin sayensa ba.

Dettol, Camel, Izal da sifirit

Mun taso da ƙamshinsu, har ya zama in ɗaki bai yi wannan ƙamshin ba kamar ba a share shi ba. Dettol mai ruwan ƙasa da ke komawa fari a ruwa, da Camel, an yi su ne don fata, rauni da wanki, ba don abin da za a tsotsa ba. Ba a haɗiye su, suna kama jikin roba, kuma ƙarfinsu a kan ƙwayoyin zawo irin rota bai kai na kulorin ba. Ɗiga su a ruwan fida shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Izal kuwa na masai da kwata ne, ko ƙasan da yaro ke rarrafe ban so a sa shi ba.

Sifirit yana da gurbinsa ɗaya: abin da ba ya shiga ruwa. Mota mai batir, rimot, da wayarki, wadda ita ce abin wasan da yaro ya fi so. A ɗiga a auduga, a goge, a bari ya bushe ƙarƙaf kafin a miƙa masa. Guba ne in an sha, kuma yana kama wuta, kada a yi aikin kusa da kurfoti.

Tedi, katako da agwagwar wanka

Kayan ƙyalle wanki suke so da ɗauraya mai yawa da rana mai zafi. Ranar tana busarwa, tana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ta shiga cikin audugar tedi. A damina, wajen watan Yuni, tedi mai kauri zai yi kwana biyu a igiya cikinsa da laima, sai ki ji yana warin fumfuna. Gara a jira ranar da gari ya buɗe. Da hunturu kuma bushewa ba wuya, ƙura ce matsala, a shanya a rufe da siririn mayafi. Yaro mai asma, a sa masa tedin a leda a firiza awa 24, sanyin yana kashe ƙananan ƙwarin ƙura, sannan a wanke. Ƙwayoyin cuta dai sanyi ba ya kashe su. Jaririn da bai shekara ba kada a kwantar da shi da tedi. Katako ba a jiƙa shi, yana kumbura ya tsage, a goge da tsumma mai ɗan sabulu a shanya.

Agwagwar roba mai huji a gindi ta ba ni darasi. Wata rana ɗana na uku ya matsa tasa a baho, sai ga wani baƙin ruwa mai gutsi-gutsi ya fito, shi kuwa ya saba tsotsar bakinta. Na sa reza na tsaga ta biyu. Cikin baƙi ƙirin, da santsi kamar gindin randar da ta shekara ba a wanke ba, alhali wajenta rawaya ce tas. Masu bincike a Suwizalan sun yi irin wannan tsagawar a 2018, suka samu har ƙwayoyin halitta miliyan 75 a kan ɗan wurin da bai fi farcen yatsa ba. Babu hanyar da ke tsabtace cikin nan yadda ya kamata. A toshe hujin da gam tun tana sabuwa, ko a yar da ita.

Kayan wasan gwanjo na kasuwar Kejetia suna da ƙarko da araha, ni ma ina saye. A wanke, a tsoma a bilic mai awon lokacin gudawa, cokali shida a lita, a ɗauraye. Mai fentin da ke ɓarewa a bar shi. Mai ɗan batir zagayayye kamar maɓalli a tabbata murfinsa a ɗaure yake da ƙusa, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu.

| Hanya | Ƙarfi | Kuɗi | Illa ga kaya | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tafasawa | Sosai | Gawayi ko gas | Tana cin bakin fida | Sai an tsaya a kai | Ƙuna |
| Bilic | Sosai | Mafi araha | Cin ƙarfe, koɗar da ƙyalle | Sai an auna kullum | Sha, haɗawa da wani abu |
| Milton | Sosai | Matsakaici zuwa tsada | Kaɗan | Mafi sauƙi da dare | Haɗiye ƙwaya |
| Injin tururi | Sosai | Tsada a farko, ga wuta | Kaɗan | Sauƙi in akwai wuta | Ƙunar tururi |
| Dettol, Camel | Bai kai kulorin ba | Matsakaici | Wari na kama roba | Sauƙi | Ba na abin baki ba ne |
| Sifirit | Na shafe kawai | Kaɗan | Yana cin wani fenti | Sauƙi | Guba, gobara |
| Wanki da rana | Matsakaici | Sabulu da ruwa | Koɗewa | Ya danganta da gari | Fumfuna a damina |

To, wa zai ɗauki wanne?

Mai ba da nono zalla har wata shida, kamar yadda ake faɗa mana a awo, ta riga ta sauke rabin wannan nauyin. In za ta tatsa ta bari, ƙaramin kofi ya fi fida, don ba shi da lungun da madara za ta ɓuya. Tukunya ɗaya da safe ta ishe ta.

Mai jariri ɗan ƙasa da wata uku, ko bakwaini, ko mai yawan ciwo, da ke shan madarar gwangwani: kowane kayan madara a wanke bayan kowane sha, a kuma tafasa ko a tsoma a Milton aƙalla sau ɗaya a rana, hukumar lafiya ta Ingila ma cewa ta yi a ci gaba har yaro ya shekara. Ita kanta garin madarar ba a rasa ƙwayar cuta a cikinta, shi ya sa hukumar lafiya ta duniya ta ce a dama da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce.

Mai ɗaki ɗaya a gidan haya mai yara da yawa, wadda tukunyar ruwan zafi ke ba ta tsoro: Milton in aljihu ya ɗauka, in bai ɗauka ba bilic mai takarda da cokalin sirof, a roba mai murfi a saman kabad.

Mai tagwaye, ko ma'aikaciyar da ke fita da sassafe ta bar fida shida, kuma wutar unguwarsu tana zama: injin tururi zai biya kuɗinsa da lokacin da zai rage mata. Ta ajiye tukunya ko ƙwayar Milton don ranar duhu.

Mai renon yaran mutane, ko malamar ajin ƙanana a makaranta: bokiti biyu. Duk abin da ya shiga bakin wani yaro a jefa a na farko, da yamma a wanke, a tsoma a bilic, a shanya. Tedi da kayan ƙyalle kada su zama na kowa da kowa.

Gidan da gudawa ta shiga: awon cokali shida, kullum, a kan baho, ledar ƙasa da kayan roba, fo kuma awon kofi ɗaya da kofi shida, har kwana biyu ko uku bayan ta tsaya, tare da wanke hannu da sabulu bayan kowane tsarki. Yaron kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a kai shi asibiti, kada a zauna jiran haƙori ya fito.

Ƙanwata nono take bayarwa, ɗakinta ɗaya, wutarsu ba ta da tabbas. Na ce ta bar injin a kanti. Ta keɓe tukunya ɗaya ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a dafa taliya a ciki, ta sayi buroshi da gorar bilic mai takarda, ta ajiye ƙaramin kwalin Milton don tafiyar da za su yi in ta yi arba'in. Dettol ɗin kuma na ce ya zauna wajen wankin zanen goyo.